Tsiren Jatan Lande a Gida: Daga Kasuwa Zuwa Kan Garwashi

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san yadda ake tsire ko da bai taɓa riƙe tsinke ba. Ya sha tsayawa gaban tukuba bayan magariba, a PZ ko Tudun Wada, yana kallon mai nama yana jera tsinkaye a gefen wuta, yana yayyafa mai, yana juyawa a tsanake har nama ya yi laushi. To wannan sanin ne yake ɓata wa mutane jatan lande ranar da suka fara gasa shi. Naman shanu yana son lokaci. Shi kuwa jatan lande, duk zamansa a kan wuta bai wuce minti 4 zuwa 6 ba, ƙarin minti 2 ya isa ya ƙanƙance ya yi tauri. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma a wannan gashin mai haƙuri roba zai tauna. Saboda haka, uwargida, kusan duk aikin kafin a hura wuta ake gama shi, mafi nauyinsa kuma a wurin saye yake.

Kafin mu shiga kasuwa, akwai tambayar da ba a rasa mai yin ta a gida, musamman tsofaffi idan suka ga abu da ƙafafu birjik da dogon gashin baki: "Wannan ƙwaron ana cinsa kuwa?" A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne ba sai an yanka ba, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. Malaman Hanafiyya ne suka yi saɓani a kansa. Wadda kuma take zuba kirefish a miyar agushi ko ta ganye ta daɗe tana cin danginsa, ƙanana ne kawai busassu.

Tambayar da ta fi kamata a yi ita ce ta lafiya. Akwai mutanen da jininsu bai karɓi jatan lande da ƙaguwa ba, kuma abin yakan yi tsanani. Duk wanda kirefish yake sa wa borin jini ko ƙaiƙayin baki, kada ya ko ɗanɗana. Haka wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, tunda da ƙuli za mu yi aiki. Idan wani ya ci ya fara kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi ya fara sarƙe masa, asibiti za a nufa nan take, ba manja za a ɗura masa a zauna jira ba.

Saye

Tsakanin Zariya da teku akwai fiye da kilomita 600. Galma da Kubanni tarwaɗa da karfasa suke ba mu. Jatan landen da za ki gasa daga kudu yake zuwa, irin su Legas, Fatakwal da Kalaba, ko daga ƙasashen waje, kuma a daskare yake isowa. Don haka idan wani ya nuna miki shi a tire, narkakke, ya ce sabo ne fil, ki sani narkar da shi ya yi, ba ki kuma san tun yaushe ba. Daskararren da ke cikin ledarsa shi ne abin saye.

Ba kullum ake samunsa ba. Ki fara tambayar masu kifin ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna masu firiza. In ba a dace ba, sai a yi sallahu Kaduna ko Kano, amma da sharaɗin a zo da shi a kula cike da ƙanƙara, ba a ajiye a but ɗin mota cikin rana ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan yake ƙona tafin ƙafa, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Kaduna ta isa ta lalata shi.

Babbar matsalarmu wutar lantarki ce. Firizar da aka ɗauke wa wuta tun safe aka dawo da ita da dare ta narkar da kaya ta sake daskarar da su, kuma leda takan tona asiri. Ki ɗaga ta ki girgiza. Idan ƙwayoyin suna motsi ɗai-ɗai, alama ce mai kyau. Idan sun dunƙule wuri guda, ga ruwa ya taru ya daskare a gindin ledar, ga garin ƙanƙara ya cika ciki, ki ajiye masa abinsa ko da ya rage miki kuɗi. Araha ba ta ado. Ki duba kuma ko naman ya yi fari-fari ya bushe a gefe, ko baƙin tabo ya mamaye kai da gaɓoɓi. Wanda aka sayar a buɗe, ki sunsuna. Mai kyau ƙamshin ruwan gishiri yake yi sama-sama. Mai warin da ke hawa hanci, irin na fitsari, ya riga ya lalace, babu lemun tsami ko yajin da zai gyara shi.

Girma ma abin lura ne. A jikin leda za ki ga lambobi irin 16/20, 21/25 ko 26/30. A yawancin ledoji suna nufin adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 454, wato ƙaramar lamba ita ce manyan ƙwayoyi. Don tsire, 16/20 ko 21/25 suka fi dacewa. Ƙanana sun bushe kafin su ɗauki ƙamshin gawayi, gara a bar wa soyayyiyar shinkafa su. Kada ki sayi wanda aka rubuta cewa dafaffe ne, wanda za ki gan shi ja-ja tun a leda. An gama da shi, wuta ta biyu ba abin da za ta ƙara masa sai tauri.

Lissafin kuɗi kuma ki yi shi da sanin cewa kai, ɓawo da ƙanƙarar da aka lulluɓe shi da ita duk an auna miki. Kilo 1 mai kai, bayan narkewa da gyara, abin da zai rage bai fi rabi da ɗan ɗoriya ba. Duk ma'aunin da zan bayar a ƙasa na giram 500 ne gyararre, wanda zai ishi mutum 3 zuwa 4 idan akwai abin haɗawa.

Narkarwa da gyara

Idan kina da tabbacin wuta, ko kina da sola, ki sauko da shi daga firiza zuwa firij tun dare. In ba haka ba, ki sa shi a leda mai ɗaurewa ki nutsa a roba cike da ruwan sanyi, ki sauya ruwan idan ya fara ɗumi. Cikin minti 20 zuwa 30 ya saki. Ban da ruwan zafi, ban da shanyawa a rana. Abin da ya narke kuma ba ya komawa firiza, don haka ki ɗebi iya na yau.

Da ya saki, ki fara cire kawunan. Akwai sinadarai a cikin kai da ke narkar da naman su mai da shi lugub idan aka bar su tare bayan ƙanƙara ta sake shi. Ki riƙe jiki da hannu ɗaya, ki murɗe kan da ɗayan, zai fita salin-alin. Kada ki zubar, ki tara a kwano ki sa a sanyi.

Sai ɓawo. Ki kama ta wajen ƙafafu ki ɓare zuwa baya, ki bar gaɓar ƙarshe da jela. Jelar tana ba da wurin riƙewa, tana kuma yi wa faranti kyau. Wasu sun fi son gasawa da ɓawon duka, domin yana kare naman daga bushewa. Gaskiyarsu ce, amma sai yaji ya tsaya a ɓawo bai taɓa nama ba, kuma baƙon da bai saba ba zai rasa ta inda zai fara. Ni ɓarewa nake yi.

A gadon bayansa akwai wani baƙin zare. Hanjinsa ne. Ki tsaga bayan da bakin wuƙa sama-sama, ki zaro shi da tsinken sakace. Idan ya dahu ba ya cutarwa, amma yakan zo da yashi, mai ci ya ji ƙaras a haƙori. Tsagar nan kuma tana da wani amfanin, nan ne yaji yake samun wurin zama.

Ki ɗauraye sau ɗaya da ruwan sanyi, ki tsane a gwagwa, sannan ki baza a kan tsumma mai tsabta ki danna wani a sama har ya bushe sosai. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Jiƙaƙƙen jatan lande ba ya gasuwa, turara kansa yake yi a kan waya, kafin ruwan ya ƙone cikinsa ya wuce dahuwa. Wuƙa, katako da hannuwan da suka taɓa ɗanye, a wanke su da sabulu kafin a yanka kabeji.

Haɗi

Ki barbaɗa gishiri rabin cokalin shayi da bekin soda kwatan cokalin shayi, ki cuɗanya, ki sa a firij ko a kan ƙanƙara minti 15. Sodar tana sa naman ya riƙe ruwansa ya yi ɗan ƙarfi mai daɗin tauna, tana kuma taimaka masa ya yi ja da wuri. Ba dole ba ce. Kada dai ki wuce kwatan cokalin, in ba haka ba ɗanɗanon sabulu zai fito, kada kuma ki ce kanwa za ta maye gurbinta. Idan an rubuta a leda cewa an riga an sa masa gishiri ko sinadarin riƙe ruwa, ki bar sodar gaba ɗaya. Gishirin na rage shi da gangan, domin yajin ƙuli ya zo da nasa gishirin da dunƙule.

A wani kwanon ki haɗa man gyaɗa babban cokali 3, tafarnuwa ƙwaya 4 dakakkiya lukui, attaruhu 1 jajjagagge, garin busasshiyar citta rabin cokalin shayi, masoro kaɗan, da yajin ƙuli babban cokali 1. Ki zuba jatan landen ki juya har kowace ƙwaya ta samu, ki mayar sanyi minti 15 zuwa 20.

Abu biyu ne ba na sawa a wannan haɗin, ko da yake hannu yakan kai gare su da kansa. Na farko ruwan lemun tsami. Mun saba wanke kifi da shi don ƙarni, amma tsami yana dafa naman jatan lande tun ba a kai shi wuta ba. Bayan rabin awa za ki ga ya yi fari, idan aka gasa kuma sai ya bushe. Idan ƙamshin lemun kike so tun daga ciki, ki goga koren bayansa kaɗan a cikin man, ruwan kuma ki ajiye sai an sauke. Na biyu ɗanyar citta. Tana da sinadarin da ke tausasa nama, abin so ne a naman shanu, amma a nan dagargaza shi take yi idan ya jima. Busasshiya ba ta da wannan matsalar.

Game da ƙuli, mai tsire yana tumurmusa namansa a ciki har sai ya ɓace. Kada ki yi haka. Jatan lande yana da ɗan zaƙi na kansa wanda saboda shi kika biya kuɗin nan, ƙuli mai yawa zai binne shi, ga shi yana saurin ƙonewa a wuta mai ƙarfi ya yi ɗaci. Cokali 1 a haɗi, saura a barbaɗa bayan an sauke. Kanumfari da kimba ma, in yajinki yana da su da yawa, ki sassauta. Zuma ko sukari ba sa cikin lissafi, wuta za su kama.

Tsinke

Tsinken itace ko na gora, ki jiƙa shi a ruwa minti 30 tun kina gyara, don kada ya cinye kafin a sauke. Idan na ƙarfe ne, mai faɗi ya fi mai zagaye.

Ki soke kowace ƙwaya a wuri biyu, ta wajen jela da ta wajen kauri, yadda za ta kwanta a lanƙwashe. Duk da haka jatan lande yana da halin juyawa a jikin tsinke: ki juya tsinken, shi ya tsaya inda yake. Maganinsa tsinke biyu a jere, tazarar yatsa ɗaya a tsakaninsu. Ya fi cin lokaci wajen jerawa, amma a kan wuta juyi ɗaya ya wadatar.

Ki jera 5 ko 6 a kowane, a manne da juna, bayan wannan a cikin wancan. Matsuwar tana rage saurin shigar zafi ciki, sai waje ya samu damar yin ja kafin ciki ya bushe. Masu girma ɗaya su zauna tare.

Hotunan intanet suna nuna albasa, tattasai da jatan lande a tsinke guda, launi-launi. A ido kam da kyau. Amma albasa tana neman minti 10 ko fiye, don haka ko dai a ci ta ɗanya ko a ci jatan lande ƙonanne. Ki yi wa kayan lambu nasu tsinken daban, ki riga ɗora su.

Wuta

Kurfoti da wayar gashi sun isa. Wayar dai ta zama ta gashi, ba ta tsohon firij ko mai fenti ba, domin abin da aka shafa musu yana tashi idan ya ji wuta. Gawayi mai nauyi, irin na ƙirya, ya fi riƙe zafi. Ki hura da ƙirare ko takarda. Kananzir da leda, waɗanda aka saba kunna gawayi da su, warinsu yana kama naman nan fiye da yadda yake kama naman shanu. A tsakar gida za a yi, inda iska ke wucewa. Ko sanyin hunturu ya kai ina, kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Ki jira harshen wuta ya mutu, gawayi ya zama garwashi ja da farar toka a kansa, abin da kan ɗauki minti 20 zuwa 25. Ki tara mafi yawansa a gefe ɗaya, ɗaya gefen ki bar shi da kaɗan, wurin gudun hijira idan mai ya ɗiga wuta ta tashi. Tazarar waya da garwashi kamar faɗin tafin hannu. Ki gwada da hannunki sama da wayar: idan kin iya ƙirga 2 zuwa 3 kafin ki janye, wuta ta yi. Idan kin kai 6, ki ƙara fifita. Da hunturu iska tana zuga garwashi ya yi zafi fiye da kima ya kuma cinye da wuri, sai ki kare kurfotin da bango. Da damina kuma gawayi yakan sha danshi, ki shanya shi tun da rana.

Ki bar wayar ta yi zafi, ki goge ta da rabin albasa da kika tsoma a mai. Kafin tsinke na farko ya hau, faranti mai tsabta, yankakken lemun tsami, yaji da masu ci duk su kasance a kusa. Idan maigida ne zai karɓi wutar, kamar yadda maza suke so ranar gashi, ki gaya masa a fili cewa ba a amsa waya a wannan minti 5 ɗin.

Gashi

Ki ɗora a gefen da ya fi zafi. Ya kamata ki ji cuu nan take. Kada ki taɓa, kada ki danna. Ki zuba ido a gefen ƙwayoyin: launin toka zai fara komawa ja daga ƙasa yana hawa. Idan ya kai rabi, wajen minti 2 ke nan, ko 3 ga manya sosai, ki juya. Idan ya manne wa waya, ki ba shi daƙiƙa 20, zai saki da kansa. Gefe na biyu bai kai na farko daɗewa ba, minti 1 da rabi zuwa 2.

Alamar dahuwa a tsagar baya take. Muddin cikinta yana sheƙi kamar ana hango ruwa, da saura. Da ya zama fari, an gama. Siffarsa ma tana magana: idan ya lanƙwasa kamar jinjirin wata ya yi daidai, idan kai da jela suka haɗu ya zama zobe an makara. Mai ma'aunin zafin abinci zai nemi digiri 63 a tsakiyar mafi kauri. In kina shakka, ki zare ɗaya ki raba biyu ki gani, ya fi ki ƙara minti a kan zato. Ki tuna kuma zafin da ke jikinsa yana ci gaba da aiki bayan an sauke.

Man da ya rage a kwanon haɗi ya taɓa ɗanye, kada ki shafa shi a ƙarshe. Ki tanadi wani daban. Abin da na fi so shi ne soyayyen man shanu babban cokali 2 da tafarnuwa kaɗan, a narka a gefen garwashi, a shafa da zarar an sauke. Bota ma ta yi. Sai a matsa lemun tsami, a barbaɗa yajin ƙuli.

Wadda ba ta da gawayi, ko ruwan sama ya hana, za ta iya yi a kaskon ƙarfe mai kauri a kan gas. A bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a shafa mai kaɗan, lokacin duk ɗaya ne. Ƙamshin gawayin ne kawai babu.

A ci da zafinsa, da albasa, tumatir, kabeji da kokwamba yadda aka saba. Gurasa da aka ɗumama a gefen wutar tana tsane man da ya zuba a faranti, sinasir ma haka, ga zoɓo mai sanyi a gefe. Ga yara ƙanana, a zare musu daga tsinke a cire jela.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, da bazara kuwa awa 1. A firij mai wuta zai kai gobe ko jibi. Kada ki mayar da shi kan garwashi. Ki yayyanka ki zuba a soyayyiyar shinkafa ko taliya bayan kin kashe wuta, zafin abincin ya ishe shi.

Kawuna da ɓawon da kika ajiye kuma, ki soya su a mai cokali 1 har su yi ja, kina dannawa da ludayi don abin da ke cikin kan ya fito. Ki zuba ruwa lita 1, rabin albasa da ɗanyar citta, a nan kam tana da wuri. Ki bar shi ya tafasa a hankali minti 20, ki tace da rariya mai laushi. Da wannan romon za ki ɗora dafa-dukan gobe ko miyar kuɓewa, in kuma ba gobe ba ne, ki bari ya huce ki zuba a roba mai murfi ki sa a firiza.